Laka da Kwano: Tarihin Makarantar Gando da Ɗalibin da Ya Zana Ta

Gabatarwa

A kowace jami'a inda ake koyar da ilmin tsara gine-gine, al'ada ce a ɗora wa ɗalibi aikin zane kafin a sallame shi. Akan ba shi fili, a ba shi matsala, a ce ya fitar da gini a kan takarda wanda zai warware ta. Galibin irin waɗannan zane-zane ba su wuce bangon ɗakin jarrabawa. Da malamai sun duba sun ba da maki, sai a naɗe takardun a jefa cikin kabad, gara ta ƙarasa aikin. Amma jefi-jefi akan sami zanen ɗalibi guda da ya fita daga takarda ya tsaya a kan ƙasa, har ya sauya yadda masana ke duban sana'arsu. Wannan lacca ta ƙunshi tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan, watau makarantar firamare ta ƙauyen Gando a ƙasar Burkina Faso, wadda Diébédo Francis Kéré ya zana, aka gama gininta cikin 2001, shekara 3 kafin shi kansa ya kammala karatunsa na jami'a.

Abin da tarihin zai nuna shi ne, ginin ƙasa ya rasa martabarsa a Afirka ta Yamma tun kafin a zauna a gwada gyara aibinsa. Da aka sami wanda ya auna aibin laka, ya kuma auna aibin kwano, sai ya tarar kowannensu maganin ɗan'uwansa ne. Maganar ta shafi ɗalibin da ke koyon zane, ta kuma shafi ma'aikacin hukuma wanda sa hannunsa ne ke yanke irin ajin da yara za su zauna a ciki.

Yadda kwano ya kori soro

Tun daga Jenne zuwa Agadas, zuwa Kano da Zariya, mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin ƙasa a matsayin kayan gini. Babban Masallacin Jenne da ke tsaye a yau an gina shi da laka cikin 1907. Masallacin Juma'a na Zariya kuwa, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da tubali da azara da bakan gizo. Hikimar irin wannan gini tana cikin kaurin bango. Bango mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, ba ya barin sa ya kutsa cikin ɗaki da tsakar rana, sai dare ya yi sa'an nan ya riƙa sakin sa. Shi ya sa mai shiga soro da azahar yake jin kamar ya shiga inuwar tsamiya.

Aibin laka guda ne, kowane magini kuma ya san shi, watau ruwa. Ruwan sama yana zaizaye bango daga sama, danshi yana cin sa daga ƙasa. Magabata sun yi dabarun kare shi, irin su indararo da makuba da laso, amma duk da haka sai an sake yaɓe bayan kowace damina ko biyu. Wannan aiki yana bukatar hannuwa da yawa, kuma muddin gandu yana nan, gayya kuma tana nan, ba a rasa hannuwan ba.

Da Turawan mulkin mallaka suka zo, da fari su ma da ƙasa suka yi gini, kamar yadda tsohuwar Kwalejin Katsina take shaida. Amma a hankali ma'aikatun ayyuka na Faransa da na Ingila suka raba kayan gini gida biyu: akwai na dindindin, watau siminti da ƙarfe da kwano, akwai kuma na wucin gadi, inda aka jefa laka da ciyawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu siminti da kwano suka yawaita, makaranta da asibiti da ofishin gwamnati duk suka koma bulo. Talaka kuwa idonsa na kan hukuma. Da ya ga abin da ta zaɓar wa kanta, sai rufin kwano ya zama alamar arziki, ɗakin ƙasa ya zama alamar rashi. Gwamnatocin da suka karɓi mulki a 1960 sun gaji wannan rabe-rabe, ba su taɓa shi ba.

Kwano yana da nasa alheri: ba shi da nauyi, ba shi da wuyar kafawa, ba ya bukatar yaɓe. Amma ƙarfe ne siriri, da rana ta buge shi sai ya yi zafi nan take, ya juye zafin a kan wanda ke ƙarƙashinsa. A ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, aji mai bangon bulo siriri da rufin kwano ba silin tanda ce kawai. An gudu daga wahalar yaɓe, an faɗa wahalar zafi.

Waɗanda suka riga shi gwadawa

Kéré ba shi ne farkon wanda ya nemi maido da laka ba, kuma ba za a gane abin da ya yi ba sai an san inda na gabansa suka tsaya. A Masar, cikin 1945, hukumar kula da kayan tarihi ta ba Hassan Fathy aikin gina sabon ƙauye kusa da Luksor, domin a tashi mutanen Gurna daga kan kaburburan fir'aunoni inda suke zaune. Fathy ya ɗauko magina daga yankin Aswan waɗanda suka iya rufin baka da ƙubba na tubalin laka ba tare da katako ba. Gidajen sun yi kyau, sun kuma yi sanyi, amma aikin ya tsaya cikin 1948 ba a gama ba, saboda mutanen Gurna ba su so tashi, ba su kuma ɗauki ƙauyen a matsayin nasu ba. Littafin da ya rubuta a kan wannan aiki, wanda ya fito a 1969, ya zama abin karatu ga ɗaliban gine-gine a duniya. Darasinsa a fili yake: gini ko ya kai ina wajen kyau, in hukuma ce ta ɗora wa mutane shi, da wuya su riƙe shi.

A ɓangaren kayan aiki kuwa, cikin shekarun 1950 wani injiniya mai suna Raúl Ramírez ya ƙera wani ɗan injin hannu a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, mai matse ƙasa mai ɗan danshi ta zama bulo mai kusurwa huɗu. In an gauraya ƙasar da ɗan siminti kaɗan, bulon yakan yi ƙarfi, ya jure ruwa fiye da tubalin hannu, ba tare da an gasa shi da itace ba. Wannan dabara ta iso Wagadugu tun kafin Kéré ya fara karatun zane. Wata ƙungiyar masu tsara gine-gine mai suna ADAUA ta gina Cibiyar Raya Ƙasa ta Afirka a birnin da irin wannan bulo, aka gama cikin 1984, ginin kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1992. A shekarar 1984 ɗin ne kuma Thomas Sankara ya sauya sunan ƙasar daga Volta ta Sama zuwa Burkina Faso, yana kiran jama'a su dogara da abin da ƙasarsu ke samarwa. Ashe ke nan, injin yana nan, ra'ayin ma yana nan. Abin da ya rage shi ne ginin da talakan ƙauye zai gani ya ce shi ma irinsa yake so.

Ɗalibin

Gando ƙauye ne na ƙabilar Bisa, kusa da garin Tenkodogo, kimanin kilomita 200 kudu maso gabas da Wagadugu. Kada a rikita shi da Gwandu ta ƙasar Kabi, wadda tsofaffin littattafan Turawa su ma kan rubuta Gando. A nan aka haifi Kéré cikin 1965, shi ne babban ɗan sarkin ƙauyen. Tun da yake babu makaranta a Gando, sai aka tura shi Tenkodogo yana ɗan shekara 7. Ajin da ya zauna a can na bulon siminti ne, ba iska ba haske, yara fiye da 100 a cunkushe. Bayan makaranta ya koyi aikin kafinta, kuma ta wannan sana'a ce ya sami tallafin tafiya Jamus a 1985. Da rana yana koyon haɗa rufi da kujeru, da dare yana karatun sakandare, har ya sami shiga Jami'ar Fasaha ta Berlin a 1995 domin karanta ilmin tsara gine-gine, yana da shekara 30.

Abu biyu cikin wannan tarihi sun bambanta shi da sauran ɗalibai. Na farko, matsalar da ya zaɓa ba malami ne ya ba shi ita ba, a jikinsa ya san ta. Na biyu, ya shiga jami'a da hannun mai sana'a, ya san abin da zarto da guduma za su iya yi a wurin da babu lantarki. Cikin 1998 ya kafa wata ƙungiya tare da abokansa a Berlin domin tara kuɗin gina makaranta a Gando, suna roƙon mutane kowa ya ba da kuɗin bulo ɗaya ko biyu.

Da ya koma gida da kuɗin da kuma zanen, mutanen Gando sun yi murna da kuɗin, amma da suka ji da laka za a yi ginin sai gwiwarsu ta yi sanyi. A ganinsu, wanda ya yi shekaru a Turai bai kamata ya dawo musu da abin da damina ke rushewa kowace shekara ba. Ƙin nasu kuwa yana da hujja, gama sun san laka fiye da malaman Berlin. Kéré bai rinjaye su da ikon gidan sarauta ba. Zama ya yi ta yi da su yana bayani, yana yin samfuri a gabansu domin ido ya gani, hannu ya taɓa. Gani ya kori ji.

Zanen

Makarantar ajujuwa 3 ce a jere, tsakanin kowane aji da na kusa da shi akwai rumfa buɗaɗɗiya inda yara ke hutawa ko a yi musu darasi a waje. An ɗora ginin a kan dakali na duwatsu domin danshi da ruwan da ke gudu a ƙasa kada su taɓa gindin bango. Bangon na bulon ƙasa ne da aka matse, da ɗan siminti a ciki. Silin ɗin ma na bulon ƙasa ne, an jera shi a kan sandunan ƙarfe, an bar 'yan ƙofofi a tsakani.

Gwanintar tana wajen rufi. Maimakon a kafa kwano a kan bango kai tsaye, sai aka ɗaga shi sama a kan wani saƙaƙƙen ƙarfe, aka bar sarari tsakaninsa da silin, aka kuma miƙa bakinsa ya zarce bango ta kowane gefe. Wannan ya haifar da amfani uku a lokaci guda. Kwanon ya zama laima, ruwan sama ba ya dukan bango, aibin laka ke nan an toshe. Silin na ƙasa ya tsaya tsakanin kwano da kawunan yara, zafin ƙarfe ba ya sauka cikin aji, aibin kwano ke nan an toshe. Sa'an nan, da yake iska mai zafi sama take yi, sai ta bi ƙofofin silin ta fita, iskar da ke ratsawa ƙarƙashin kwano ta tafi da ita, wata mai ɗan sanyi ta shigo ta tagogi ta maye gurbinta. Ajin yana shan iska ba fanka, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba kuɗin lantarki.

Saƙaƙƙen ƙarfen da ke ɗauke da kwano an yi shi ne da rodi, irin wanda ake sa wa cikin kankare, domin shi ake samu a kasuwar kusa, kuma ana iya yanka shi da zarton hannu a haɗa da ƙaramin injin walda. Ba a bukaci injin ɗaga kaya ba, ba a kuma ɗauko ɗan kwangila daga birni ba. Yara suka tara duwatsun harsashi, mata suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, samari suka koyi buga bulo da walda. Da aka gama, makaranta ta tsaya a Gando, sana'ar gina ta ma ta tsaya a Gando. Nan ne aikin ya sha bamban da na Gurna.

Abin da ya biyo baya

A 2004 makarantar ta sami lambar yabo ta Aga Khan, a shekarar da Kéré ya kammala jami'a. Amma hukuncin da ya fi wannan nauyi na iyaye ne. Yaran makarantar sun tashi daga 120 zuwa kimanin 700, har ya zama dole a gina gidajen malamai a 2004, a ƙara ajujuwa a 2008, daga baya a yi ɗakin karatu, wanda aka yanka tukwanen ƙasa aka dasa su cikin rufinsa domin haske ya shiga, zafi ya fita. Daga Gando dabarar ta bazu. An yi makarantar sakandare a Dano cikin 2007, da wata a Kudugu cikin 2016, dukansu da jan dutsen marmara da ake sarewa a yankin. An yi gine-ginen gandun shaƙatawa na ƙasa a Bamako cikin 2010. A 2022 Kéré ya karɓi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a wannan fanni, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya same ta. A 2025 aka buɗe hubbaren Thomas Sankara a Wagadugu, shi ma zanensa ne.

Daga ƙauye zuwa birni

A nan ya kamata a yi hattara, domin Gando ƙauye ne, matsalar gini kuwa a birni ta fi tsanani. Wagadugu, wadda mutanenta ba su wuce 60,000 ba a lokacin samun 'yancin kai, ta haura miliyan 2 a ƙidayar 2019. Da yawan waɗannan mutane suna zaune a unguwannin da ba a yanka filaye ba, cikin ɗakunan laka marasa harsashi. Ran 1 ga Satumba 2009 aka yi ruwan da ya haura milimita 260 cikin yini guda, gidaje dubbai suka rushe, mutane kimanin 150,000 suka rasa matsuguni. Wanda ya ga wannan ba za a zarge shi ba in ya ce shi da laka har abada. Amma abin da ya faɗi ran nan laka ce da aka gina a kan hanyar ruwa, ba dakali ba laima, watau laka ba tare da gyaran da aka yi mata a Gando ba.

Siminti kuma ba mafita ce mai arha ba. Burkina Faso ba ta da gaɓar teku, yawancin ƙarfe da kwano da kayan haɗa siminti sai an ɗauko su daga tashoshin Abidjan da Lome da Tema. Bugu da ƙari, ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama, wadda ke ƙara ɗumamar duniya. Gidan bulo da kwano yana tilasta wa mai hali sayen na'urar sanyaya ɗaki, na'urar tana cin lantarki, tana kuma fesa zafi a titi. Marar hali kuwa sai ya kwana a waje.

Duk da haka, hanyar Gando ba ta shiga birni yadda take. A ƙauye ƙasa kyauta ce, a birni sai an saya an yi dako, kuma haƙar ta barkatai ita ce ta bar kududdufai a tsofaffin birane irin su Kano. A ƙauye akwai gayya, a birni kowane hannu sai an biya. A ƙauye fili a yalwace yake, a birni dole gini ya hau sama. Har ila yau, kuɗin makarantar Gando daga masu taimako na Jamus suka fito, birni kuwa ba ya ginuwa da sadaka.

Amsar wani ɓangare na wannan tambaya ta fito daga Yamai. Mariam Issoufou, 'yar Nijar da ta kammala karatun tsara gine-gine a Jami'ar Washington ta Amurka a 2013, ta haɗu da abokan aikinta suka gina rukunin gidaje 6 masu hawa biyu da bulon ƙasa matsattse, aka gama a 2016. Gidajen suna manne da juna domin tsimin fili, amma kowanne da tsakar gidansa da sirrinsa. A 2018 kuma, ita da Yasaman Esmaili suka gama wani aiki a Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa, inda aka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa, tare da maginan yankin. A wannan jiha ce kuma masallacin Yama yake, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami lambar Aga Khan a 1986. Watau gwanintar magina na gargajiya ba ta mutu ba, abokin aiki mai ilmin awo take nema.

Kammalawa

Tarihin makarantar Gando ya bar wa ɗalibi darasi bayyananne. Zanen Kéré bai ƙirƙiro kayan gini ko ɗaya ba: laka ta kakanni ce, kwano na Turawa ne, injin matse bulo daga Kolombiya ya zo. Abin da ya kawo shi ne sanin inda kowanne ke kasawa, da haƙurin zama da masu ginin har su yarda. Ɗalibin da zai zaɓi aikin ƙarshe ba ya bukatar neman matsala a mujallun ƙasashen waje, alhali ajin da ya yi firamare yana nan yadda ya bar shi.

Ma'aikacin hukuma kuwa nasa ya fi nauyi. Makaranta ɗaya ɗalibi na iya gina ta da taimakon abokai, amma makarantu dubu sai gwamnati, kuma gwamnati da tsayayyen zane take aiki, wanda ake maimaitawa daga gari zuwa gari. Muddin wannan zane bulo ne siriri da kwano a kan bango, muddin kuma takardar kwangila ba ta san bulon ƙasa a matsayin kayan dindindin ba, to, kowace sabuwar makaranta za ta zama irin ajin Tenkodogo. Gyaran ba ya bukatar abin al'ajabi: a gwada ƙasar kowane yanki a ɗakin bincike, a rubuta ma'aunin ƙarfin da bulon ƙasa zai cika, a horar da magina, a keɓe wuraren haƙa, a ɗaga rufi a faɗaɗa bakinsa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Biranen Sahel yanzu suke girma, kuma irin ɗakunan da aka amince a gina a cikinsu a yau, su ne yaran da ba a haifa ba tukuna za su yi karatu a ciki cikin zafin Afrilu.